Kicin ɗin Baba Jiniya

Tun yana saurayi ya kama tuƙin motar asibiti, tun daga nan kuma sunan Jiniya ya manne masa, har furfura ta zo ta mai da shi Baba Jiniya. Sunan ya dace da shi ta ko'ina. Dogo ne siriri, muryarsa kamar an kunna lasifika, kuma bai iya tafiya a hankali ba ko da ashana zai je saye a shago. Shekara talatin da ɗoriya yana ɗauko mutane daga bakin titi, daga ƙarƙashin motoci, daga ɗakunan da mata ke kuka, ya kai su ƙofar ɗakin gaggawa ya miƙa, ya koma ya wanke bayan motar da ruwa da sabulu, ya jira kira na gaba. Yakan ce shi aikinsa ya kai mutum da ransa, sauran kuma na likitoci ne. Bai cika sanin yadda waɗanda ya kai suka ƙare ba. Ba rashin tausayi ba ne, kafin ya waiwaya wani kiran ya riga ya shigo.

A gidan da yake zaune aka haife shi. Mahaifinsa, ma'aikacin tashar jirgin ƙasa, shi ya gina shi da kaɗan-kaɗan, ɗaki bayan ɗaki. Kicin ɗin daga baya aka liƙa shi a bayan gidan, shi ya sa ya fi sauran ɗakunan ƙasa. Sai ka sauka matakala biyu kafin ka shiga, ta wata ƙofa da mai jiki sai ya karkace. A ciki akwai kanta ta siminti mai tsayi, da famfo, da 'yar taga da ba ta fi faranti ba, da wani tsohon kabad na katako a jikin bango mai ƙofar raga, inda Inna, mahaifiyarsu, take jera kofunanta. Da iyayen suka rasu gidan ya zama nasa shi da yayarsa, amma Yaya tana can ɗaya gefen gari a wurin ɗanta, sai jefi-jefi take leƙowa ta ga ko an taɓa wani abu.

Matarsa ce ta gaji kicin ɗin. Gajeruwa ce mai kaifin baki, wadda ta yi ɗinki a falo har idonta ya fara gajiya. Shi yana kiranta Shugaba, ita tana kiransa Direba, ko a gaban baƙi. Da ya yi ritaya ya rasa inda zai sa kansa, sai ya koma bin ta kicin yana buɗe tukwane.

"Direba, fita min daga nan. Nan ba tasha ba ce."

"Taimako fa na zo yi."

"Taimakon da za ka yi min shi ne ka je ka zauna."

Zama kuwa shi ne abin da Allah bai hore masa ba.

Wata safiya yana baranda yana goge takalmi ya ji faɗuwar murfin tukunya, sannan ya ji shiru. Shirun ne ya tashe shi, don Shugaba ba ta yar da abu ba tare da ta zagi abin ba. Ya same ta kwance tsakanin kantar da bango, baki ya karkace, idanunta a buɗe suna kallonsa, ruwa na tafasa a kan wuta. Ya san abin da yake gani. Ya sha ganinsa a fuskokin mutanen da bai san su ba. Da ƙyar ya fito da ita ta ƙofar nan, kafaɗarta na gogar bango. Maƙwabcinsu mai walda ya jefo masa mukullin tsohuwar motarsa, Jiniya ya hau titi yana danna hon, ya leƙo da kai yana ihu, babu wanda ya kauce masa. Wani mai tasi har ya ce, "Tsoho, ina za ka da wannan rawar jikin?" Rabin rayuwarsa titi yana darewa a gabansa. Ranar ya tsaya a cunkoso kamar kowa, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a kan gwiwar matarsa.

Ta rayu, amma ba yadda ta tafi ta dawo ba. Ta dawo a keken marasa lafiya, ɓarin dama ya shanye, magana ta koma guntu-guntu kamar harshen ya yi mata nauyi. Manyan 'ya'yansu suna nesa, sai waya. Auta kaɗai ke garin, tana aiki a kantin magani, tana biyowa da yamma kafin ta wuce gidan mijinta. Da rana su biyu ne.

Wajen ɗagawa da kwantarwa babu wanda ya kai Jiniya. Ya iya juya mara lafiya ba tare da ya ji masa ciwo ba, ya iya sa ta a keke ya sauke ta kamar ƙwai. Abin da ya gagare shi shi ne bayan nan, lokacin da babu abin yi sai zama a kusa da ita ana kallon bango tare. Yakan zauna kaɗan, gwiwarsa na rawa, sai ya miƙe ya ce bari ya duba shinkafa. Shinkafar kuwa ko ta ƙone ko ta caɓe, ta ci loma biyu ta kau da kai.

Daga inda yake ajiye kekenta a falo ana hango ƙofar kicin. A nan ya lura da abin da ya ja masa duk abin da ya biyo baya: idonta yana zuwa kan ƙofar nan ya tsaya, ya daɗe. Ko an kunna talabijin, ko Auta na ba ta labari, sai ya ga ta koma kallon ƙofar. Zuciyarsa ta ce masa ai ga ciwon a fili. Matar da ta yi mulkin ɗaki shekara da shekaru, yau matakala biyu sun raba ta da shi.

Ya durƙusa a gabanta wata rana ya ce, "Shugaba, zan gyara miki kicin. Zan cike ƙasan ya yi daidai da falo, in faɗaɗa ƙofa, in rage tsayin kantar. Ki shiga da kekenki ki yi girkinki, ki huta da wannan shinkafar tawa."

Ta daɗe tana haɗa kalmar. "A'a," ta ce. "Bari."

Ya yi dariya ya dafa hannunta. A ganinsa wahala take tausaya masa.

Auta ma ba ta so ba. "Baba, kai fa ba magini ba ne. Ko ƙusa ban taɓa ganin ka buga ta tsaya daidai ba. In ma za a yi, a kira masu aikin."

"Su cika min gida da ƙarti suna kallon uwarki? Ba ta son idon mutane yanzu. Injin mota na sha saukewa in mayar, bango ne zai gagare ni? Mako biyu na gama."

Ya auna faɗin keken da tsayinsa, ya auna daga gwiwarta zuwa ƙasa. Ya kalli bidiyon magina a waya har idonsa ya yi ja. Ya kwashe tukwane ya jera su a ƙarƙashin gado, ya mai da risho lungun da ke tsakanin ɗakuna, ya rataya tsohon bargo a ƙofar kicin saboda ƙura. Sannan ya ɗaga guduma.

Kwanakin farko ya ji daɗin da rabonsa da shi tun ranar da ya miƙa mukullin motar asibiti. Kantar ta fashe, yana kwasar ɓaraguzai da baro yana fito. Yana leƙowa falo fari fat kamar an birkiɗa shi a gari, ya ce, "Shugaba, aiki na tafiya!" Ita kuma duk bugu ɗaya sai kafaɗarta ta zabura.

Daga nan gidan ya fara nuna masa shekarunsa. Guduma ta sami wani tsohon bututun ƙarfe da ke binne a bango, wanda tsatsa ta riga ta cinye, ruwa ya tsinke ya cika kicin har ya taɓa matakala ta biyu kafin ya gano inda ake kashe shi. Gidan ya kwana uku babu famfo, yana jido ruwa da bokiti daga gidan mai walda. Da ya zo cire kabad ɗin Inna, ya yi niyyar sauke shi a hankali ya adana, amma yana zare ƙusa ta biyu kabad ɗin ya ruguje a hannunsa. Gara ta cinye bayansa tas, fentin gaba kawai ke riƙe da shi. Bangon da ke bayansa kuwa baƙi ne, jiƙaƙƙe, yana warin rijiya. Ya sa yatsa ya danna, bulon ya marmashe kamar busasshen burodi.

Ya tsaya yana kallon ramin da yatsansa ya yi. Ya tuna yadda mahaifinsa ke bugun ƙirji da wannan gini, yana cewa ko jirgi ya bi ta kai ba zai motsa ba. Duk tsawon shekarun nan suna cin abinci daga ɗakin da ke ruɓewa a hankali, babu wanda ya sani.

Mai hankali a nan zai dakata. Jiniya ya ce tunda an fara a ƙarasa, ya koma kan ƙofa. Ashe babu linta mai riƙe nauyin gini a samanta, wani tsohon katako ne kawai aka gitta aka shafe da siminti. Yana fasa gefe ɗaya ya ji wata ƙara siririya, ya ɗaga kai ya ga tsaga ta tashi daga kusurwar ƙofa tana hawa har silin. Ya fita da gudu ya kira mai walda. Mutumin ya zo da ƙarafa biyu ya tokare wurin, ya share gumi, ya dube shi.

"Baba Jiniya, don girman Allah ka ajiye gudumar nan. Saura kaɗan ka sauko da rufin a kanku."

"Ai ka tokare."

"Na tokare na yau. Ban tokare maka na gobe ba."

Mako biyu ya zama wata, wata ya wuce. Bargon da ya rataya bai hana ƙura komai ba. Tana kan talabijin, tana cikin kofin shayi, tana gashin Shugaba, tana tsakanin yatsun hannun da ba ta iya motsawa. Ta fara tari. Ya ce sanyi ne, ya dafa mata ruwan zafi da lemun tsami. Wata yamma Auta ta shigo ta taɓa goshin uwarta, ta janye hannu kamar ta taɓa tukunya.

"Baba, tun yaushe jikinta ya yi zafi haka?"

Bai sani ba. Tun safe yana cikin bango.

A asibitin da ya yi wa aiki aka kwantar da ita, aka sa mata robar iska a hanci. Likitan, wani matashi da bai san shi ba, ya tambaya ko tana zama inda ake ƙura, don ƙirjinta ya cushe, kuma mai irin ciwonta ba ta da ƙarfin tarin da zai fitar. Auta ta juyo ta kalli ubanta. Akwai siminti a ƙarƙashin farcensa, ya dunƙule hannun ya sa a aljihu. Ya fita ya zauna a kan benci a doguwar barandar da ya saba ratsawa a guje yana tura gado yana cewa a ba da hanya. Bai taɓa lura cewa bencin na da tauri haka ba, ko cewa mutanen da ke kansa ba sa kallon juna. Sabon direban motar asibitin ya wuce ya rusuna ya gaishe shi, ya ce, "Baba, an tuna da mu ke nan?" Jiniya ya gyaɗa kai kawai.

Ranar da za a sallame ta Auta ta same shi a wurin. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan, don bakin uwarta ta gado.

"Baba, daga nan gidana za ta. Mun gyara mata ɗakin yara."

"Tana da gidanta."

"Wane gida? Babu famfon kirki, babu kicin, rufi a kan ƙarfe biyu. Ni ban ce ba ka son ta ba. Amma ka kusa kashe min uwa da son nan."

Shi da kansa ya ɗaga Shugaba ya sa a motar surukinsa, ya gyara mata ƙafa, ya naɗe keken ya sa a bayan motar. Motar ta tafi ya tsaya a bakin ƙofar asibiti hannu rabbana.

Labari ya kai wa Yaya. Ta iso da rana tsaka, tana dogara sanda, ba ta ko amsa gaisuwarsa ba ta wuce ta ɗaga bargon. Ta daɗe a tsaye. Inda kabad yake sai baƙin rami, katakonsa kuma a jibge a tsakar gida tare da ɓaraguzai.

"Wa ka tambaya?"

"Yaya, gara ce ta cinye shi. Ko ban taɓa ba..."

"Na ce wa ka tambaya? Gidan nan naka ne kai kaɗai? A gaban kabad ɗin nan Inna take tsayawa ta raba mana abinci. Kai ba ka tuna ba, lokacin majina kake ja. Tun kana yaro haka kake, ba ka taɓa abu ya zauna lafiya. Sai gudu, sai gaggawa, kamar ana kiranka a lahira."

"Don Shugaba na yi."

"To ina Shugabar?"

Ta zauna a kan baro ta yi kuka, irin kukan tsofaffi da ba shi da sauti, ya tsaya a gefe da hularsa a hannu. Da za ta tafi ya tono ƙofar ragar daga cikin tarkacen, ita kaɗai ta tsira, ya goge ta da hannun riga ya miƙa mata. Ta karɓa ta sa a hammata ta fita ba sallama.

Haka ya rage shi kaɗai a gidan da ya yi wa rauni. Damina ta sauka kafin ya rufe ramin da ya buɗe don faɗaɗa taga, ruwa ya riƙa shigowa yana wanke masa yashi. Wani bulo ya suɓuce ya faɗo masa a babban yatsan ƙafa, farcen ya yi baƙi ya fita, ya koma ɗingishi. Ɗingishin ne ya koya masa abin da mutane suka kasa. Tunda ba ya iya sauri, sai ya fara lura. Ya gane cewa in bai jiƙa bulo ba yana shanye ruwan kwaɓi ya bar shi yana zuba. Ya gane cewa siminti ba ya jin lallashi, sai ya sha kwanakinsa kafin a ɗora masa nauyi. Ya sauke girman kai ya bar mai walda ya haɗa masa linta ta ƙarfe, suka ɗaga ta tare suna nishi. Ya rushe ruɓaɓɓen bangon ya sake ɗaga shi layi-layi da igiya. Ya cike ƙasan da ɓaraguzan da ya fasa, baro bayan baro, ya daddaɓe. Tayil ɗin farko da ya shimfiɗa ya fito kamar haƙoran tsoho, wani sama wani ƙasa, ya ɓamɓare su ya sake.

Kowace yamma yakan wanke jiki ya hau bas zuwa gidan Auta. Abin da yake gani a can yana faranta masa rai yana kuma cizonsa. Shugaba ta fara murmurewa. Jikoki suna hawa jikinta, suna sa ta maimaita waƙoƙin makaranta, suna dariya in ta karya kalma, ita ma ta yi dariya da rabin baki. Ana kai ta wurin motsa jiki, har ta fara riƙe cokali da hagu. Shi kuwa da ya zauna sai ya ciro waya.

"Kin ga linta? Ƙarfe ne zalla. Kin ga tagar? Yanzu rana har tsakiyar ɗaki."

Takan kalli hoton ta mayar da ido kan jikokin.

Wata rana gidan babu kowa sai su biyu, ya ciro wayar kamar kullum. Ta ɗora hannun hagu a kanta ta danne.

"Direba. Zauna."

"Ai a zaune nake."

"Zauna," ta sake cewa, sai ya gane, ya jingina, ya saki gwiwarsa.

Maganar ta ɗauke ta lokaci mai tsawo. Tana fitar da kalma ta huta, wata ta ɓace mata ta nemo, shi kuma a karon farko bai ƙarasa mata ba. Ta ce ranar da ta faɗi ba nan take ya ji ba. Ta riga ta zame ƙasa tun kafin murfin ya faɗi. Tana kwance tana jin shi a baranda yana goge takalmi yana fito, tana kiransa, bakin ya ƙi. Tana ganin ƙarƙashin kantar, da wata albasa da ta gangara can ciki, tana jin ruwa na tafasa a saman kanta, tana tunanin yanzu zai zubo mata a fuska. Da ƙafar hagu ta yi ta shurin kujera har murfin da ke kai ya faɗo.

"In na kalli ƙofar," ta ce, "ni nake gani. A ƙasa."

Ya kife wayar a kan cinyarsa.

"Tsoro. Ba marmari ba." Ta numfasa. "Na ce maka bari."

"Kin faɗa," ya ce. Muryar da ake ji daga ƙarshen layi ranar ko ƙofar ɗaki ba ta kai ba.

Bai koma gida ba a ranar, bai koma ba washegari. Ya yi kwanaki a gidan Auta yana kwana a kan doguwar kujerar falo, ƙafafunsa sun zarce ta. Surukinsa yana girmama shi har abin ya yi yawa, jikoki suna tuntuɓe da takalmansa. Mai motsa jiki ta nuna masa yadda ake buɗe yatsun hannun da ya shanye ɗaya bayan ɗaya, a murza, a mayar, a sake. Aiki ne da ba a ganin ƙarshensa, yau ka buɗe gobe ka same su a dunƙule. Ya yi shi duk da haka, wani lokacin Shugaba ta yi barci hannunta a cikin nasa, ya rasa yadda zai tashi, ya zauna har ƙafarsa ta mutu.

A kwanakin ne ɗan Yaya ya yi waya, da ladabi, ya ce Mama ta ce tunda gidan ya zama abin da ya zama, ko za a duba batun sayar da shi kowa ya huta. Auta ta ce ita dai ba za ta sa baki ba, amma ɗaki na nan in yana so ya dawo gaba ɗaya. Jiniya bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce ko sayarwa za a yi, ba a miƙa wa mutane gida da ciki a buɗe.

Ya koma ya ƙarasa, ba da ɗokin farko ba, kamar mai cika alkawarin da wanda aka yi wa ya riga ya yafe. Ƙafafun kantar ya riga ya zuba su daidai tsayin keke, don haka ya bar ta a gajeruwarta. Ya ja sabon bututu, ya sa famfo, ya yi shafe. Shafen bai yi sumul ba, in rana ta shigo ta sabuwar taga ana ganin sawun hannunsa a bango. Tsagar da ta hau silin ya cike ta, amma duk safiya sai ya ɗaga kai ya duba ko ta dawo. Yanzu in zai dafa shayi sai ya jawo kujera ya zauna, don in ya tsaya kantar a cinyarsa take, bayansa ya riƙe. Mai walda ya leƙo ya ga dogon mutum a naɗe gaban 'yar kanta, ya fara dariya, ya ga fuskarsa ya haɗiye ta.

Ya daina nuna wa Shugaba hotuna. Ya daina ma ambaton kicin ɗin. Ita ce wata yamma, yana murza mata yatsu, ta tambaya ba tare da ta dube shi ba.

"Ka yi fenti?"

"Ban yi ba."

"Wane za ka sa?"

"Fari na yi niyya. Ko duk wanda ya samu."

Ta yamutsa rabin fuskar da ke motsi. "Fari... asibiti." Can ta ƙara, "Ruwan ƙwai. Mai haske."

"Za ki zo ki gani in na gama?"

Ta janye hannunta a hankali ta kira jikarta ta zo ta gyara mata ɗankwali.

Washegari ya je shagon fenti ya sa aka buɗe masa gwangwani uku kafin ya yarda da ɗaya. Ya shafa hannu na farko, ya jira ya bushe, ya shafa na biyu. Ya bar taga a buɗe har warin ya fita, ya wanke ƙasan, ya fito da tukwanen daga ƙarƙashin gado ya jera su inda mai zama zai iya kaiwa. Damina ta wuce, sanyi ya shigo. Yaya ba ta sake zuwa ba, maganar sayarwa kuma tana nan ba a kashe ta ba. Shugaba ta fara takawa da sanda daga gado zuwa ƙofar ɗaki a gidan Auta, kuma har yanzu ba ta ce a kai ta gida ba. Shi ma bai sake tambaya ba. Yakan dafa abin da ya iya da rana, ya zuba a kula, ya kulle gida, ya ɗingisa zuwa bakin titi ya jira bas.